Ɗorawa da Saukewa: Yadda Kwamfuta Take Karɓar Filash da Kanta



Abin da zan yi magana a kansa yau yakan auku ne cikin daƙiƙa biyu ko uku, shi ya sa galibinmu ba mu ɗauke shi a bakin aiki ba. Mutum ya soka filash a jikin kwamfuta, ya ji wata 'yar ƙara, sai ga fayilolinsa a jere bisa allo. A nan Zuru ana yin wannan sau ba adadi kowace rana: a shagunan buga takardu, a ofisoshin ƙaramar hukuma, a wurin masu tura finafinai da waƙoƙi cikin memori, da kuma tsakanin ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 2020 a mazaunin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Kebbi. Inda intanet take da tsada ko take yankewa, filash shi ne ɗan aike. Rahoton da zai tashi daga Sakaba ko Fakai ko Danko-Wasagu zuwa Birnin Kebbi sau da yawa a aljihun ma'aikaci yake tafiya.

Ina so in nuna cewa cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi kwamfuta tana yanke shawarwarin da a dā mutum ne yake yanke su. Waɗansu ta karɓe su kuma ta iya su. Akwai biyu da ba ta iya karɓa ba har yau, watau sanin wanda za a amince da shi, da sanin lokacin da mai kaya zai zare kayansa.

Asalin kalmar

Bari mu fara da bambanta abubuwa biyu waɗanda ake cuɗa su. Sokawa aikin hannu ne, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Amma kafin a iya karanta ko da harafi guda, sai babbar manhajar da take tafiyar da kwamfutar, ko Windows ce ko Linux ko macOS, ta karɓi na'urar, ta gane yadda aka jera kayan cikinta, ta ba ta mazauni da suna. Wannan aiki na biyu shi nake kira ɗorawa, kishiyarsa kuwa saukewa.

Ban zaɓi kalmar don ado ba. Zamanin manyan kwamfutoci masu cika ɗaki, a shekarun 1960, ana ajiye bayani ne bisa manyan ƙwaryoyin tef da tarin fayafai masu nauyi. In mai aiki yana bukatar wani tef, sai saƙo ya fito wurin mai tsaron injin, shi kuwa ya je ma'aji ya ɗauko, ya duba sunan da aka rubuta a jiki, ya ɗora shi bisa sandar injin, sa'an nan ya shaida wa kwamfuta an ɗora. In an gama ya sauke. Kalmar da Turawa suke amfani da ita har yau daga nan ta samo asali. A lura da matsayin wannan mutum: shi ne mai gadin ƙofa. Ba abin da yake shiga sai ya gan shi da idonsa, ba kuwa abin da yake fita tsakiyar aiki.

Da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro manhajar Unix a ɗakunan binciken Bell na Amurka daga 1969, sai suka mai da wannan aiki umurnin da ake rubutawa. A tsarinsu fayiloli duka suna rataye ne a itace guda mai saiwa ɗaya da rassa. Sabon faifai ba shi da gida nasa, sai an zaɓi wani reshe wanda ba kome a kansa an ɗaura shi a nan. Ɗaliban aikin gona za su gane wannan da sauri, gama daidai yake da yi wa mangwaro aure: a kawo reshen wani itace a ɗaura a jikin wani, ya zama nasa. Izinin yin haka kuwa na shugaban kwamfutar ne kaɗai. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara cikin 1991, ta gaji wannan tsari, har da wani fayil mai suna fstab inda shugaba yake rubuta faifan da aka yarda a ɗora da reshen da za a ɗora shi.

Ƙananan kwamfutoci sun bi wata hanya dabam. A MS-DOS kowace kafar faifai harafi aka ba ta. A da B na faifan filofi ne, wanda kamfanin IBM ya fito da irinsa na farko cikin 1971, C kuwa na babban faifan ciki. Filofi ya shuɗe, amma haruffansa suna nan a keɓe, shi ya sa filash yake zuwa a D ko E ko F. Harafin ba na filash ba ne, aro ne kwamfutar take ba shi daga abin da ya rage mata. Saboda haka kada ɗalibi ya firgita in abin da yake E a ofis ya koma G a shago.

Abin da yake faruwa cikin daƙiƙa uku

Kafar USB ta fito cikin 1996, filash na farko kuwa sun shiga kasuwa cikin shekarar 2000, daga kamfanin Trek na Singafo da kuma IBM tare da M-Systems. Suna ɗaukar megabayit 8. Mai gigabayit 32 da ake sayarwa yanzu a tebur cikin kasuwa ya ninka wancan kamar sau 4,000. Da abin ya zama ruwan dare, sai ya kasance ba zai yiwu a ce sai an nemo shugaban kwamfuta duk sa'ad da sakatare zai buga wasiƙa ba. Dole aka koya wa manhaja aikin mai gadi.

Zan bi matakan a Linux, domin a can kowane mataki da sunansa, ana iya ganinsa a fili. A sauran manhajoji ma kusan haka abin yake, sunaye ne suka bambanta.

Da zarar an soka, wutar da take cikin wayoyin kafar takan canja, ta haka zuciyar manhaja take sanin baƙo ya iso. Sai ta tambaye shi ko shi wane ne. Na'urar ta ba da amsa: ga lambar kamfanin da ya ƙera ni, ga jinsina, ni ma'ajin bayani ne. Ina roƙon a riƙe wannan wuri, za mu komo kansa: kwamfuta ba ta da wata hanyar tabbatar da amsar, abin da baƙo ya faɗa shi ta ɗauka. Daga nan ta ba shi suna na cikin gida, kamar sdb. Wani ɗan aiki mai suna udev, wanda ya shigo tare da Linux 2.6 a ƙarshen 2003, shi yake shelar zuwan ga sauran sassa. Wani kuma, udisks, ya leƙa farkon faifan ya ga da wane tsari aka jera shi. Sa'an nan manhajar da take zana abin da muke gani a allo, irin su GNOME ko KDE, ta roƙi a ɗora. Akwai alƙali a tsakani, polkit, wanda hukuncinsa na yau da kullum shi ne: wanda yake zaune gaban kwamfutar da kansa an yardar masa, wanda ya shigo ta waya daga nesa sai ya kawo kalmar sirrin shugaba. In an yarda, sai a ƙirƙiri reshe a ƙarƙashin media da sunan mai aikin, a ɗaura filash, a buɗe taga.

Matakin leƙen tsari shi ne yake jawo wa mutane hasara ba tare da sun san dalili ba. Kowane faifai yana da littafin rajista a farkonsa, wanda yake faɗin inda kowane fayil ya fara da inda ya ci gaba, kuma rajistocin nan ba iri ɗaya ba ne. FAT32, na 1996, kowace na'ura tana karanta shi, har rediyon mota, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4; wanda ya taɓa ganin filash mai fili fetal ya ƙi karɓar dogon fim, to, dalilin ke nan. An fito da exFAT cikin 2006 don kau da wannan iyaka, kuma tun da Microsoft ya buɗe bayaninsa ga kowa cikin 2019 ya shiga zuciyar Linux. NTFS na Windows ne, kwamfutocin Apple suna karanta shi amma ba sa rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Ext4 na Linux kuwa Windows ba ta nuna shi in an soka. To, a nan haɗarin yake. In Windows ta ga rajistar da ba ta gane ba, ko wadda ta ɗan lalace, takan ce faifan yana bukatar a yi masa fomat, ta kuma miƙo maɓallin yin haka. Fomat kuwa yaga tsohuwar rajista ne a buɗe sabuwa. Wanda ya ga wannan saƙo bisa filash mai ɗauke da kundin bincikensa, ya ƙi, ya zare, ya gwada wata kwamfutar. Sau da yawa kayan suna nan lafiya lau.

Baƙon da aka wuce da shi cikin gida

A gidan Bahaushe baƙo yakan yi sallama, a sauke shi a zaure, a gaisa, a ji abin da yake tafe da shi. Shiga cikin gida wani mataki ne dabam, ba kowa yake kaiwa can ba. Ɗorawa kamar saukar baƙo a zaure ce. Kuskuren da masu ƙera manhaja suka yi shi ne haɗa zaure da tsakar gida.

Cikin Windows 95 aka shigo da wata dabara saboda faifan sidi: in akwai ƙaramin fayil mai suna autorun.inf bisa faifan, kwamfuta za ta karanta shi ta tayar da manhajar da ya ambata, ba tare da an taɓa kome ba. A lokacin abin yana da ma'ana, gama sidi daga masana'anta yake fitowa a rufe, ba a sāke rubutu a kansa. Filash fa? Kowace kwamfutar da ya kwana cikinta tana iya rubuta masa abin da ta ga dama. Masu ƙirar ƙwayoyin cutar kwamfuta ba su yi wata-wata ba. Cuta ta kwafi kanta bisa filash, ta rubuta wancan ɗan fayil, ta jira a kai ta gaba.

Yaɗuwar cuta ta faifai tsohon abu ne, tun Brain, wadda ta fito daga Lahore ta Pakistan cikin 1986 tana bin filofi. Amma shekarar 2008 ita ta nuna girman abin. A cikinta aka soka wani filash mai cuta a kwamfutar wani sansanin sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya, cutar ta ratsa har cikin hanyoyin sadarwarsu na asiri, sai da rundunar ta hana amfani da filash ɗungum a watan Nuwamba. A watan ne kuma Conficker ta ɓulla, ta kama miliyoyin kwamfutoci, filash na cikin hanyoyin yaɗuwarta. Microsoft ya rufe wannan ƙofa ga filash a Windows 7 cikin 2009, ya kuma aika gyara ga XP da Vista a watan Fabrairun 2011.

Ba a nan magana ta ƙare ba. Stuxnet, wadda aka gano cikin 2010 bayan ta lalata injunan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, ba ta bukaci a danna kome ba. Nuna jerin fayilolin filash bisa allo kawai ya ishe ta, domin ta sami ɓaraka a sashen Windows da yake zana 'yan hotunan fayiloli. Watau ko kallon baƙo yana iya zama ƙofa, in mai kallon yana da rauni. Cikin 2014 kuma waɗansu masu bincike biyu na Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, suka nuna abin da na ce a riƙe ɗazu: ana iya sāke ƙwaƙwalwar filash yadda in an tambaye shi zai ce shi allon buga rubutu ne, kwamfuta ta yarda, ya shiga buga mata umurni da saurin da ba hannun da zai iya. Irin wannan ko an hana ɗorawa ba a tsira ba, gama bai zo da sunan ma'aji ba balle a ɗora shi.

Kada mu ce wannan sai manyan ƙasashe. Wadda ta fi damunmu a nan ƙarama ce, kuma duk mai yawon shagunan buga takardu ya santa. Mutum ya dawo gida ya tarar jakunkunan fayilolinsa sun koma waɗansu alamu masu 'yar kibiya a gindi. Abin da cutar ta yi shi ne ta ɓoye jakunkunan gaskiya, ta ajiye gunkinsu mai suna iri ɗaya. In ka danna gunkin, zai tayar da cutar tukuna, sa'an nan ya buɗe maka jakarka don kada ka yi zargi. Da aka hana kwamfuta tayar da ita da kanta, sai ta ari yatsan mai kaya. Fayilolin galibi ba a goge su ba, ana iya fito da su daga ɓoyo, saboda haka a nan ma gaggawar yin fomat ɓarna ce a kan ɓarna.

Yatsan nan kuwa ba shi da wuyar aro. A Jami'ar Illinois ta Amurka masu bincike sun watsar da filash 297 a harabar makaranta don su ga abin da jama'a za su yi. Sakamakon da suka buga cikin 2016 ya nuna kusan rabinsu an soka su an kuma buɗe fayilolin ciki, da yawa cikin mutanen da niyyar neman mai shi. Kyakkyawar niyya ce, amma kwamfuta ba ta san niyya ba.

A ganina, ga kwamfutar ɗalibi ɗorawa da kai alheri ne, a bar ta. Ga kwamfutar da take riƙe da albashi, ko sakamakon jarrabawa, ko bayanin majiyyata, hukunci dabam ne. Windows tana da ƙa'idojin da shugaban kwamfuta zai iya hana karatu ko rubutu bisa ma'ajin waje da su, GNOME tana da wurin kashe ɗorawa da kai, ba ta ma ɗorawa muddin allo yana kulle. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanai, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Filash mai ɗauke da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu in ya faɗi a tashar mota, kowace kwamfuta za ta buɗe shi ga wanda ya tsinta, cikin ladabi da sauri kamar yadda take buɗe wa mai shi, sai fa in an kulle shi da irin BitLocker. Shugaban sashe ne ya kamata ya yanke wace kwamfuta za ta karɓi baƙi, ba wai a bar abin yadda ya zo daga kanti ba.

Saukewa

Sauran magana ɗaya, ita ce kuwa ta fi taɓa aljihunmu. Kwamfuta tana jin zuwan filash, saboda haka ta iya ɗora shi da kanta. Tafiyarsa kuwa ba ta jin labari sai bayan ya tafi.

Rubutu bisa filash yana da nawa in an gwada da saurin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Don kada ta tsai da mai aiki, manhaja takan karɓi fayil ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta, ta nuna kamar an gama, ta ci gaba da zubawa a hankali. Kamar magatakarda ne wanda ya karɓi takardarka ya ce ka tafi an shigar, alhali tana cikin tire, sai da la'asar zai zauna ya rubuta a rajista. In aka ɗauke rajistar kafin nan, takarda ta shiga ko ba ta shiga ba? Mafi muni shi ne a fizge littafin alƙalami yana tsakiyar layi. A tsarin FAT, inda ake rubuta jikin fayil a wuri ɗaya rajistarsa a wani wurin, zarewa tsakanin biyun takan bar fayil mai suna ba jiki, ko jiki ba suna, wani lokaci ma ta taɓa waɗanda suke zaune tun tuni. Danna alamar saukewa cewa ne ga magatakarda: shigar da abin da ya rage, rufe littafin, miƙo mini.

Injiniyoyin Apple sun ga wannan matsala tun 1984. Macintosh ta farko tana nuna filofi bisa allo da zarar an saka shi, amma ba su yi mata maɓallin fitar da faifai ba sam. Sai ka roƙi manhaja, ita kuwa ta gama rubutunta, sa'an nan ɗan inji ya turo faifan waje. Sun ɗaure hannun mutum ke nan. Kafar USB ba ta da irin wannan sakata, kowa yana iya fizgewa sa'ad da ya so. Microsoft sai ya bi ta ɗaya gefen: ya bayyana cewa daga Windows 10 ta ƙarshen 2018, abin da aka saita tun asali shi ne a rubuta wa ma'ajin waje nan take ba tare da riƙewa ba, ko da aikin zai rage sauri. Wannan ya rage haɗari, bai kau da shi ba, gama wanda ya zare ana cikin kwafi, ko takarda tana buɗe, ya yanke layi duk da haka. A Linux da macOS kuwa saukewa tana nan a matsayinta.

Mu a nan muna da mai zarewa na biyu wanda waɗancan injiniyoyi ba su cika tunawa da shi ba, watau ɗaukewar wuta. Kwamfutar tebur wadda ba ta da batirin tsaro, in wuta ta ɗauke ko janareta ya shaƙe, daidai yake da a fizge dukkan fayafanta lokaci guda. Saboda haka al'adar nan ta buɗe takarda kai tsaye daga filash, a yini ana gyara ta a can, ita ce mafi kasada. Gara a kwafo ta cikin kwamfuta, a yi aikin a gama, a mayar sau ɗaya, a sauke, a zare. Kada kuma filash ya zama shi kaɗai ne gidan wani fayil. Ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar yawan rubutun da suke jurewa, na jabu kuwa, masu iƙirarin girman da ba su da shi, suna karɓar kaya su taka na farko da na baya ba tare da sun ce uffan ba.

Ga wanda dole sai ya kai takarda shago a buga masa, akwai 'yar dabara mai araha. Babban katin memori, da kuma gidan da ake zura ƙaramin memorin waya a ciki, suna da ɗan maƙulli a gefe. In an ja shi ƙasa, na'urar karanta kati takan shaida wa kwamfuta cewa wannan na karatu ne kaɗai, sai a ɗora shi a haka, a buga takarda, cuta kuwa ta rasa inda za ta rubuta kanta. Maƙullin ba ya haɗe da kome a cikin katin, na'urar karantawa ce take jin inda yake ta kuma girmama shi, don haka a gwada tun a gida: a ja maƙullin, a yi ƙoƙarin kwafa wani fayil a kai, a ga ko za ta ƙi.